Na'urorin Zamani a Ajin Firamare: A Hannun Wa Za a Sa Su?



Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne amfani da na'urorin zamani wajen koyar da yara a makarantun firamare. Magana ce mai faɗi, kuma kowa yana da ra'ayi a kanta. Wani yana ganin da zarar an miƙa wa yaro kwamfuta to jahilci ya ƙare, wani kuwa yana ganin ba abin da za ta haifar sai ƙiwuya da lalacewar tarbiyya. Ni dai ba zan shiga wannan gardama ba, domin na lura ba ta da ranar ƙarewa. Zan taƙaita maganata a kan tambaya guda, wadda ita ce take fuskantar duk ma'aikacin da aka ajiye wa fayil a gabansa aka ce ya ba da shawara: idan an sami 'yan kuɗi na sayen na'ura, a hannun wa za a sa ta, kuma wane aiki za a ce ta yi?

Kafin mu tafi ƙasashen waje, ya kamata mu tuna cewa kayan koyarwa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Allon da ake ba yaro a makarantar allo kayan aiki ne da aka ƙera da hikima. Masassaƙin garin ne yake yin sa, tawadarsa daga zuge ake haɗa ta, alƙalaminsa daga gamba ake fiƙe shi, in yaro ya haddace abin da aka rubuta sai a wanke a sake wani. In ya tsage, akwai mai gyara a kasuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa shi ne kowa ya san matsayin allo a cikin karatu: malami ko gardi ya rubuta, ya biya wa yaro, yaro ya maimaita, ya dawo a saurare shi a gyara masa. Allon bai taɓa karantar da kowa shi kaɗai ba, kuma ba wanda ya taɓa tsammanin zai yi haka. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka shigo da alli da babban allo da littafin rubutu, sa'an nan daga shekarun 1930 littattafan Hausa na ɗab'i suka fara fitowa daga Zariya. Dukan waɗannan sun zauna daram a cikin aji, saboda malami ya san abin da zai yi da su daga ranar da aka kawo.

Na'urar lantarki kuwa, tun fitowarta, da alkawari mai girma take zuwa. A 1913 Thomas Edison na Amurka, wanda yake cikin waɗanda suka ƙago majigi, ya gaya wa wata jarida cewa nan gaba kaɗan littattafai za su zama tsohon yayi a makarantu, domin da hoto mai motsi za a riƙa koyar da kome. Yau an haura shekara ɗari da wannan magana, ga littafi nan yana nan. An yi wa rediyo irin wannan kirari, an yi wa talabijin, kuma shi muke ji ana yi wa kwamfuta. Amfanin waiwaye shi ne mu ga inda waɗanda suka riga mu suka yi tuntuɓe.

Misali mafi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin daga Yamai. Dalilin kuwa a fili yake: ƙasar ba ta da isassun malamai masu horo. Sai aka tara ƙwararru a wuri guda suna shirya darussa gajeru masu jan hankali, ana watsawa, a cikin aji kuma aka sa samari waɗanda iyakar karatunsu firamare, aka yi musu horo na ɗan lokaci don su lura da yara, su kuma maimaita musu abin da aka nuna. Azuzuwa 22 ne, yara kimanin 800. Waɗanda suka ziyarci shirin sun yabe shi ƙwarai, domin yaran sun buɗe baki da Faransanci, ba su kuma gudun makaranta. Amma shirin bai taɓa game ƙasa ba, kuma daga bisani kayan aikinsa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa. Kwaddibuwa ta ɗauki wannan dabara ta faɗaɗa ta tun daga 1971, da cibiyar shirya darussa a Bouaké, har ta kai mafi yawan yaran firamare na ƙasar suna karatu a gaban akwatin talabijin. A farkon shekarun 1980 aka rufe shirin baki ɗaya. Kuɗin gudanar da shi ya yi nauyi, akwatunan ƙauyuka suna bukatar batir da masu gyara, iyaye suna kukan cewa 'ya'yansu sun iya magana amma rubutunsu ya yi rauni, malamai kuma suna ganin an mai da su 'yan gadin akwati. Wannan kuka na ƙarshe shi nake so ku riƙe. Shirin da ya ƙasƙantar da malamin aji, malamin aji ne zai binne shi, ko da bai ce uffan ba.

Mu ma a Nijeriya mun san irin matsin da ya tura su ga wannan hanya. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yaran da suka zo sun zarce adadin da aka yi tanadi dominsu, aka shiga neman malamai ido rufe. Duk inda yara suka yi yawa malamai suka yi kaɗan, sai zuciya ta raya wa masu mulki cewa na'ura za ta cike gurbin. Ba laifi ba ne a yi wannan tunani, sai dai a duba abin da gwaji ya nuna.

Rediyo, wanda ake rena shi, ya fi talabijin abin kirki. A ƙasar Nicaragua, daga 1974, masana daga Jami'ar Stanford suka shirya darussan lissafi na rediyo ta wata hanya dabam da jawabi. Mai magana zai yi tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci don yara su amsa da baki ko su ƙirga tsakuwa ko su rubuta, sa'an nan ya faɗi amsa. Bayan an kashe rediyo, malamin aji ya ci gaba da sauran darasin bisa takardar jagora da aka ba shi. Yaran da suka bi wannan shiri sun fi takwarorinsu a jarrabawar lissafi, aka kuma kwaikwayi hanyar a ƙasashe da dama. A nan gida, Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi amfani da rediyo don isa ga rugage, kuma da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ga rediyo jihohinmu suka koma, domin shi ne yake cikin kowane gida. Ku lura, abin da ya yi aiki a Nicaragua shi ne shirun nan da ake bari don yaro ya amsa, da kuma rabon aikin da aka bar wa malami.

To, mu zo kan kwamfuta. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfuta tasa ta kansa, wadda aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala 100, ko da yake da aka ƙera ta kuɗinta ya kusa ninka haka. An yi tunani sosai wajen ƙirarta: tana jure faɗuwa, ba ta cin wuta da yawa, ana iya karanta fuskarta cikin rana. Ra'ayin da ke bayanta shi ne yaro yana da son sani, in ka ba shi kayan aiki zai koya wa kansa. An gwada ta a wata makarantar firamare a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na Peru, inda aka kwatanta waɗanda aka ba kwamfuta da waɗanda ba a ba ba, bayan wata 15. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba a ga wani bambanci ba. Kwamfutar ta shiga aji, darasin da ake yi a ajin yana nan yadda yake.

Gwajin da na fi so in ja hankalinku gare shi, musamman ku ma'aikatan ma'aikatun ilmi, a Kenya aka yi shi, a yankin Kisumu, cikin wani shiri na inganta karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa. Shirin tun asali ya tanadi littafi ga kowane yaro, da littafin jagora ga malami, da horo, da kuma masu zagayawa suna duba malamai suna ba su shawara. A kan wannan harsashi sai aka gwada hanyoyi uku. A wasu makarantu aka ba yara na'urar karanta littattafai. A wasu aka ba malamai kwamfutar hannu. A wasu kuma ba a ba yaro ko malami kome ba, sai mai zagayawa kaɗai aka ba kwamfutar hannu guda, wadda yake rubuta abin da ya gani a aji, yake auna karatun 'yan yara kaɗan da ita, yake kuma nuna wa malami yadda ake furta sautin baƙaƙe. Da aka auna, dukan rukunan uku sun ci gaba, kuma ci gaban nasu bai bambanta da juna ƙwarai ba. Kuɗin da aka kashe kuwa ya bambanta nesa ba kusa ba, domin na'ura guda a hannun mai zagayawa tana hidimar makarantu masu yawa. Wannan hanya mai araha ita aka ɗauka cikin shirin Tusome da ya game makarantun gwamnati na Kenya daga 2015. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci, daga 2016, gwamnatin ƙasar ta raba wa yaran firamare kwamfutocin hannu fiye da miliyan ɗaya, don cika alkawarin da aka yi a yaƙin neman zaɓe. Hoton yaro riƙe da kwamfuta yana kawo ƙuri'a, hoton sufeto a kan babur ba ya kawowa.

Kada a fahimce ni da cewa na'ura ba ta da amfani a hannun yaro. A Malawi, wata ƙungiya mai suna onebillion ta shirya darussan lissafi da karatu a kwamfutar hannu cikin harshen Chichewa, kuma binciken Jami'ar Nottingham da aka buga a 2015 ya nuna yaran da suka yi amfani da su na rabin sa'a a rana, har mako takwas, sun fi sauran a lissafi. Sai dai ku dubi yadda aka tsara abin. Ba a miƙa wa yaro na'ura ya tafi da ita gida ba. Ana kai yara rukuni-rukuni wani ɗaki, malami yana tsaye, lokaci a ƙayyade yake, ba kome a cikin na'urar sai darasin, darasin kuma yana bin matsayin kowane yaro, ba ya wucewa gaba sai yaron ya iya na baya. Wannan shi ne aikin da na'ura ta fi malami iyawa. A ce aji yana da yara 80, darasi kuma minti 35 ne. Ko da malami bai yi kome ba sai sauraren yara ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ba zai sami rabin minti ba. Na'ura ba ta gajiya da maimaici, ba ta kuma yi wa yaro tsawa in ya kuskure sau goma.

Kun ji na ce cikin harshen Chichewa. A nan ne namu aikin yake. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Saboda haka babban aikin aji ɗaya zuwa uku shi ne yaro ya haɗa baƙi da wasali ya fitar da gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi ya fitar da kalma, ya kuma san abin da kalmar take nufi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, kuma dalilin a bayyane yake: yaron da ya karanta "tuwo" ya san ya karanta daidai, domin ya ci shi jiya. Na'urar da take yi wa yaron Bakori ko na Tibiri magana da Ingilishi ko Faransanci tun ranar farko ta ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Wadda aka ce ta Hausa ce ma sai an bincika. Wasu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga sun rubuta "kafa" a inda ake nufin "ƙafa", ko "bari" a maimakon "ɓari". Masu karanta rubutu da murya kuwa suna da wata matsala, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai jin Hausa ya san bambancin "gari" na zama da "gari" na tuwo, da "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, daga ma'anar jimla. Na'urar da ba a horar da ita sosai ba sai ta faɗi ɗaya a wurin ɗaya, yaro kuma ya ɗauka haka ne. Kafin a sa hannu a kan kwangila, a zaunar da malamar aji ɗaya ta saurari abin na sa'a guda. Za ta gano abin da kwamitin ƙwararru bai gano ba. Kuma a tuna akwai littattafan koyon karatu na Hausa da aka riga aka tsara aka gwada, irin su Mu Karanta! da aka yi amfani da shi a Bauci da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. In kuɗin da ke hannu ba zai isa a sayi littafi da na'ura duka ba, ni a ganina littafin za a saya.

Akwai kuma lissafin da ba a cika sa shi cikin kasafi ba. Na taɓa ziyartar wata makaranta, hedimasta ya buɗe mini sito, na tarar da kwamfutoci a cikin kwalayensu, ko ledar ba a cire ba. Na tambaye shi dalili, ya ce babu wuta, tagogin ajin ba su da ƙyaure, kuma shi ya sa hannu ya karɓa, in ɗaya ta ɓata daga albashinsa za a cire. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya aiko da kayan ya biya kuɗin saye, ya manta da kuɗin riƙo: farantin hasken rana da batir, mai gadi, mai gyara, horon malamai, da kuma sayen sabuwa bayan 'yan shekaru, domin ƙurar hunturu da zafin bazara ba su raga wa na'ura. Kuɗin saye sau ɗaya ake fitar da shi, a yi biki a ɗauki hoto. Kuɗin riƙo kowace shekara ne, kuma shi ake fara yankewa in aljihun gwamnati ya yi sanyi. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk takardar neman na'ura da ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin shekara ta uku ba, a mai da ita a cike wannan gurbi.

Na'urar da ta riga ta shiga makarantunmu ba tare da kwangila ba ita ce wayar malami. Da ita da ƙaramar lasifika malami zai iya sa wa yara labari da muryar gwanin karatu, ko ya nuna musu cikin minti biyu yadda ƙwayar wake take tsiro, sa'an nan ya kashe ta ya fito da waken da aka jiƙa a gwangwani su taɓa da hannunsu. Zai iya ɗaukar muryar yaro yana karatu a farkon zango, ya sake ɗauka a ƙarshe, ya sa wa mahaifinsa ya ji. Jihar Edo ta tafi gaba da haka daga 2018, inda aka ba malamai kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana a rubuce. Wannan yana taimakon malamin da horonsa bai yi zurfi ba, yana kuma nuna wa hukuma ko an yi darasin ko ba a yi ba. Amma ina da ɗan tsoro a kansa: malamin da idonsa yake kan na'ura yana karanto umurni, ba zai ga yarinyar da ke bayan aji da ta daina bi tun layi na biyu ba. Jagora sanda ce ta dogarawa, ya kamata malami ya riƙa sassauta riƙonta yayin da ƙafarsa take ƙarfi.

Game da wayar yara kuwa, ƙasashen da suka riga mu wadata da ita su ne suke ja da baya. Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa kwamfutar hannu har a makarantun reno, ta sanar a 2023 cewa za ta koma ba littafin takarda da rubutun hannu muhimmanci. A wannan shekarar ce kuma UNESCO ta ba da shawarar kada a bar yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira a aji, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, waɗanda suke rubuta amsa da kansu. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wahalar da yaro yake sha wajen jan layin baƙi da fensir, ko wajen ɗebe 7 daga 15 da yatsunsa, ita ce karatun. Abin da ya ɗauke masa wannan wahala ya ɗauke karatun tare da ita. Ga malami kuwa irin wannan manhaja tana iya rage aikin shirya tambayoyi, in dai zai karanta abin da ta ba shi da idon gyara, domin Hausarta takan karkace, kuma takan faɗi ƙarya da murya irin ta mai gaskiya.

Ku ɗalibai da za ku fita koyarwar gwaji, da ku sufetoci, akwai awo guda da ba ya bukatar kome sai agogo da shafi ɗaya na labarin Hausa. Ku zaɓi yara goma daga aji biyu ba tare da kun bar malami ya zaɓo muku gwanaye ba, ku ba kowannensu minti ɗaya ya karanta da ƙarfi, ku ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, sa'an nan ku yi masa tambaya biyu ko uku a kan abin da ya karanta. Ku rubuta adadin da kwanan wata. In an kawo wata na'ura makarantar, ku koma bayan zango biyu ku sake awon, ku kuma yi irinsa a makarantar da ke maƙwabtaka wadda ba a kai mata kome ba. Ku liƙa takardun biyu a cikin fayil, a gaban takardar ɗan kwangila.